DAGA ALLON YUMƁU ZUWA ƘOFAR JIBIYA: ASALIN KALMAR "DIVAN"

Akwai wata kalmar Turanci da ɗalibai kan ci karo da ita jefi-jefi a cikin tsofaffin littattafan labarai na Ingila, sai su tsallake ta domin ba ta cika fitowa a jarrabawa ba. Kalmar ita ce "divan". In ka buɗe babban ƙamus za ka tarar an jera mata ma'anoni waɗanda ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ana cewa divan ga doguwar kujera mai laushi wadda ba ta da majingina, ana cewa divan ga majalisar sarkin Turkiyya ta zamanin dā da ɗakin da take zama, ana kuma cewa divan ga tarin waƙoƙin mawaƙi guda. Yaro mai lura zai tambaya, to me ya haɗa kujera da waƙa? Amsar ba ta yi mana nisa ba. Rabinta yana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, rabinta kuma yana zauren malaman unguwarmu.

Duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya san Magamar Jibiya, inda ake tsayar da motoci a duba kaya da takardu kafin a fita Nijeriya. Ma'aikatan da ke wannan aiki mukan kira su 'yan kwastan. Da ka ƙetare iyaka ka nufi Ɗan Isa sai sunan ya sāke. A jikin allon ofis an rubuta DOUANES da Faransanci, direbobi da 'yan kasuwa kuwa suna cewa "duwan", ma'aikacin kuma "ɗan duwan". Aiki ɗaya, Hausa ɗaya, suna biyu. Wannan duwan da waccan divan ta cikin ƙamus kalma ɗaya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Suna da ɗan'uwa na uku wanda ya riga su zuwa ƙasar Hausa, wato "diwani", sunan da malamai ke ba littafin da ya tara waƙoƙin wani shehi, kamar Diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha wanda ake rerawa a zawiyoyi daga Kano har Damagaram.

Bari mu bi sawun kalmar daga tushe, sa'an nan mu ga yadda ta rabu.

Gidan da muka tabbata ta fito shi ne ƙasar Farisa, wadda yau ake kira Iran. (Kada a rikita Farisawa da Farisiyawan da muke karantawa a Linjila, babu abin da ya haɗa su sai kamar suna.) A Farisancin da aka yi kafin zuwan Musulunci, "diwan" na nufin wurin ajiye takardun mulki, ko kundin da aka rubuta lissafi a ciki. Masanan harsuna da yawa sun ɗauka cewa gaɓar farko ta kalmar ta fito daga "dipi", wato rubutu a tsohon Farisanci. Ana samun dipi a rubutun da Sarki Dariyus na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a jikin dutsen Behistun wajen shekara ta 520 kafin haihuwar Almasihu. Rubutun yana nan har yau kusa da birnin Karmansha, cikin harsuna uku, kuma shi ne ya buɗe wa Turawa irin su Henry Rawlinson ƙofar karanta rubutun mutanen dā na wannan yanki a ƙarni na 19. Wannan Dariyus shi ne wanda Littafin Ezra, sura 6, ya ce ya ba da umarni a bincika ɗakin ajiyar takardu na Babila, har aka gano umarnin Sarki Sairus game da sāke gina Haikali a wani gari da ake kira Akmeta. Ba kalmar diwan aka yi amfani da ita a wurin ba, gama da harshen Aramiya aka rubuta wannan sashe na surar, amma irin gidan ke nan da daga baya Farisawa suka kira diwan. Tsohuwar takarda guda ta sa aka bar mutane suka ci gaba da gini.

Ita ma dipi baƙuwa ce a Farisa. An bi ta baya zuwa "tuppu" ta mutanen Babila da Assuriya, daga nan zuwa "dub" ta mutanen Sumar, waɗanda suka zauna a kudancin Iraƙi ta yau, tsakanin kogin Taigiris da na Yufiretis. Dub allo ne na yumɓu da ake rubutu a kai da tsinken kara tun yana ɗanye, sa'an nan a shanya shi. Mafi tsufan irin waɗannan alluna an tono su a kufan birnin Uruk, sun kai shekara 5000 da ɗoriya, kuma yawancinsu ba labari ko waƙa ke kai ba. Lissafi ne na hatsi da tumaki da ladan ma'aikata. Abin da zai ba ɗalibanmu sha'awa shi ne sunan makaranta a wurin Sumarawa, "edubba", wanda fassararsa ita ce gidan allo. Yaron Uruk da almajirin Jibiya, ashe, sunan makarantarsu kusan ɗaya ne.

Kalmar ta shiga Larabci a zamanin Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, wanda ya yi mulki daga 634 zuwa 644. Ƙasashe sun buɗu, dukiya tana kwarara Madina, aka rasa yadda za a raba ta ba tare da rigima ba. Sai Halifa ya sa aka rubuta sunayen mayaƙa da iyalansu ƙabila-ƙabila, kowa da rabonsa na shekara. Wannan kundi shi aka kira diwan. A lura da abin da ke ciki: in sunanka yana diwan kana da albashi, in babu shi ba ka da ko anini. Daga sunan kundi sai ya zama sunan ofishin da ke riƙe da kundin. A zamanin Umayyawa da Abbasiyawa aka sami diwanin haraji, diwanin soja, diwanin wasiƙu da diwanin aike. Shekaru da yawa ma'aikatan waɗannan ofisoshi da Farisanci suke rubutu a Iraƙi, da harshen Girka kuma a Sham, sai a zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, wajen shekara ta 700, aka mai da su Larabci. Ita kanta kalmarmu ta "haraji" daga "kharaj" ta waɗannan ofisoshi ta zo.

Yaya aka yi waƙa ta shigo? Abin ba wuya. Wanda ya tattara ƙasidun mawaƙi guda ya jera su a littafi ɗaya ya yi irin aikin magatakardan da ya jera sunayen sojoji. Don haka aka ce diwanin Imru'ul Ƙaisi, diwanin Mutanabbi, diwanin Hafiz na Shiraz. Ta wannan ƙofa kalmar ta iso mana, a cikin gafakar malamai, ta bi hanyoyin ayari na hamada zuwa garuruwan ilimi irin su Katsina. Da yake Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali, aka ƙara mata "i", kamar yadda aka yi wa littafi da alƙalami da sabulu da nasa wasalin.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi gargaɗi. Babban malamin tarihi Ibn Haldun, a cikin Muƙaddima wadda ya rubuta a 1377, ya kawo labarin da ake bayarwa kan asalin kalmar. Wai wani sarkin Farisa, Kisra, ya leƙa ya ga magatakardansa suna lissafi suna motsa baki kamar masu magana su kaɗai, sai ya kira su "diwane", wato mahaukata, sunan kuma ya bi ofishin. Labarin yana da daɗi, duk wanda ya taɓa ganin magatakarda a ƙarshen wata zai so ya gaskata shi. Amma masu nazarin harshe na yau ba su karɓe shi ba. Kamar sauti kawai ba ta isa hujja. Kafin a ce kalma kaza ta haifi kalma kaza, sai an nuna ta a rubuce a zamani daban-daban, an nuna hanyar da mutane suka bi suka kai ta, an kuma nuna cewa canjin sautin irin wanda harshen ya saba yi ne. In ba haka ba wani zai tashi ya ce divan daga "duba" ta Hausa ta fito, tun da aikin 'yan duwan duba kaya ne. Mun sha jin irin wannan a muhawarar 'yan makaranta, ana tafi, amma tafi ba hujja ba ne.

Daga Larabci kalmar ta kama hanya biyu zuwa Turai, kuma wannan rabuwa ita ce dalilin da ya sa Faransanci yake da "douane" yake kuma da "divan".

Hanya ta farko ta teku ce, kuma ita ta fi tsufa. A ƙarni na 12 da na 13 fataken Italiya daga Fisa da Janowa da Fenis suna kai kaya tashoshin jiragen ruwa na Musulmi, kamar Iskandariyya a Masar da Tunis da Bijaya a Aljeriya ta yau. Ofishin da ake rubuta kayansu a karɓi kuɗi, sau da yawa kashi ɗaya cikin goma, sunansa diwan. Wani matafiyi ɗan Andalus, Ibn Jubair, ya sauka Iskandariyya a 1183 a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya bar mana bayanin abin da ya gani. Ma'aikata sun hau jirgi sun rubuta sunan kowa da garinsu, sun tambayi abin da yake ɗauke da shi, sa'an nan aka kwashe kaya zuwa diwan aka zazzage su cikin cunkoso, har wasu kayan suka ɓace. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Wanda ya taɓa kwana a bakin wata iyaka yana jiran a sallami motarsa ba sai an yi masa fassara ba.

Fataken nan suka koma gida da kalmar. Italiyawa suka ce "dogana", kuma har yau tsohon gidan dogana na Fenis yana tsaye a bakin ruwa. Mutanen Sifen suka ce "aduana", domin sun ɗauko ta tare da "al" ɗin Larabci, wadda lam ɗinta ke narkewa a gaban dal, "ad-diwan". Bahaushe ya san wannan sarai, gama haka muka karɓi "addini" da "annabi" da "azzalumi". Faransawa kuwa suka ce "douane", suka samo ta ta wajen Sisili da kudancin Italiya a ƙarshen ƙarni na 13.

Masu son lissafi ga naku. Wani Bafise mai suna Leonardo, wanda duniya ta sani da Fibonacci, ubansa ma'aikaci ne a diwanin Bijaya, yana kula da al'amuran fataken Fisa. A can yaron ya koyi lissafi da alƙaluman Indiya waɗanda Larabawa ke amfani da su, daga 1 zuwa 9 da sifiri. A 1202 ya rubuta littafinsa Liber Abaci, wanda ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa waɗannan alƙaluma a Turai. Ashe alƙaluman da muke rubutawa a allon aji sun taɓa bi ta gidan kwastan.

Hanya ta biyu ta Turkiyya ce. Turkawa suna furta "w" ta Larabci kamar "v", don haka diwan ta zama divan a bakinsu. A daular Usmaniyya, divan ita ce majalisar ƙoli, inda Babban Waziri da sauran waziri da manyan alƙalai ke zama a fadar Topkapi ta birnin Santambul. Jakadu da fataken Ingila suka fara rubuta kalmar a Turanci wajen shekarun 1580 da wannan ma'ana ta majalisa. Amma Bature baƙo da ya shiga irin wannan ɗaki, abin da idonsa ya fi kamawa shi ne dogon dakali da ya zagaye bango, an shimfiɗa masa katifu da matasai. Zuwa farkon ƙarni na 18 sunan majalisa ya sauka kan abin zama. A 1828 aka buɗe wani gidan shan kofi da taba a Landan mai suna Grand Cigar Divan, inda ake zama kan irin waɗannan kujeru ana wasan dara irin ta Turawa. A Ingila ta yau in ka ce divan a kantin kayan ɗaki, gado za a nuna maka. Ma'anar waƙa ma ta sami shiga Turai, musamman bayan da mawaƙin Jamus Goethe ya karanta Hafiz ya fitar da nasa Divan a 1819.

Kada ganin kujera ya sa mu manta nauyin kalmar. A Indiya "diwan" shi ne babban jami'in kuɗi, "diwani" kuma ikon tara haraji. A 1765, a yarjejeniyar Allahabad, Sarkin Mugal Shah Alam na Biyu ya miƙa diwanin Bengal da Bihar da Orissa ga Kamfanin Ingila na Gabashin Indiya, a hannun Robert Clive. Masana tarihi da yawa daga nan suke ƙirga mulkin Ingila a Indiya. Ba gadon sarauta Kamfanin ya karɓa ba, kundin haraji ya karɓa, kuma ya wadatar. Bayan shekara biyar yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Bengal, ana kuwa ci gaba da karɓar haraji. A wasu ƙasashen kalmar ta yi kyakkyawan ƙarshe. Majalisar wakilan Malesiya sunanta Dewan Rakyat, kuma a Swahili "diwani" shi ne kansila.

To yaya douane ta zo bakin ƙofarmu? Katsina da Maraɗi dangi ne. Bayan da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, zuriyar tsofaffin sarakuna suka yi arewa, suka kafu a Maraɗi wajen 1819 a ƙarƙashin Ɗan Kasawa, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. An daɗe ana yaƙi tsakanin gidajen biyu, amma harshe ɗaya ne. Ingila da Faransa suka ja layi a takarda a 1890, suka gyara a 1898, suka sāke gyarawa a 1904 da 1906, sa'an nan ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Tun daga lokacin, sababbin abubuwa na zamani suka riƙa zuwa wa Bakatsinen kudu da sunan Turanci, na arewa kuma da sunan Faransanci. Mu muka ce lantarki, su suka ce kuran. Mu ɗan sanda, su jandarma ga na ƙauye da hanya. Makarantar boko a can lakwal ce, malaminta kuma mushe, abin da kan sa yaranmu dariya saboda ɗaya mushen da muka sani.

Dariyar nan ce ba mu so. Sau da yawa mukan ji ɗalibi ya ce Hausar mutanen Nijar gurɓatacciya ce, alhali shi ma bakinsa cike yake da aro. "Kwastan" daga "customs" ta Turanci take, ita kuma daga tsohon Faransanci, daga "consuetudo" ta Latin, wato al'ada, kuɗin da aka saba biyan mai gari. Hausa ta gyara ta bisa ƙa'idarta: "kwa" ɗin farko irin ta kwaleji da kwamiti da kwangila ce, "m" ɗin ƙarshe kuma ta koma "n" kamar yadda malam kan koma malan. Haka mutanen Maraɗi suka yi wa douane, suka sa "u" tsakanin baƙaƙen farko suka ce duwan. Babu wanda ya ɓata harshe a cikinmu. In ma gasa za a yi ta tsufa, duwan ta girmi kwastan nesa ba kusa ba, kuma tana da ɗan'uwa a gafakar malam tun kafin Bature ya zo.

Hausa tana da tata kalmar ta gado, wadda ba ta ara wurin kowa ba. Ita ce "fito". Asalinta ƙetarar da mutum ko kaya a kogi, kuɗin fito kuwa ladan mai jirgi ne. Fatake da madugansu sun san shi a kowane babban ruwa a kan hanyar Gwanja. Da iyakar Turawa ta zo, sai aka ɗauke ta kamar wani kogi ne marar ruwa, aka ci gaba da cewa kuɗin fito. Wanda ya kauce wa hanya don kada ya biya, shi ne ɗan fasa-ƙwauri, ko ɗan sumoga in an bi Turanci.

Mutanen Jibiya sun san abin da rufe wannan kogi ke jawowa. An rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, aka sāke rufewa daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe har Maris 2024. Kowane karo motoci sun yi layi, kaya sun lalace, farashi ya hau, masu zuwa biki da jana'iza sun bi ta gonaki. A 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda aka tsara ta bi ta Katsina da Jibiya. Jirgin ma sai ya tsaya an rubuta shi a kundi biyu, ɗaya da Turanci ɗaya da Faransanci.

Ga aikin hutu ga 'yan manyan azuzuwa, musamman waɗanda gidajensu ke Jibiya da Kaita da Mai'aduwa. A riƙe ƙaramin littafi, a saurari direbobi da 'yan canji da masu sayar da dabino a tasha da kasuwa, a rubuto kalmomi 20 waɗanda ake faɗa daban a ƙetaren iyaka. A gaban kowace a rubuta wanda muke faɗa a nan, da harshen da ake zaton ta fito, da hujjar zaton. A nemi izinin mutum kafin a rubuta maganarsa, kada kuma a je kusa da shingen ma'aikata da littafi a hannu. Wanda ya gama da wuri ya buɗe ƙamus ya fara bin sawun "tariff" da "magazine", gama su ma daga tashoshin nan na Iskandariyya da Bijaya suka hau jirgi.